Ni da Yayana mun daina magana saboda makaman da Amurka ke aikawa waje

Assalamu alaikum. Ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, mun daɗe muna zaune a Amurka, dukanmu mun zama 'yan ƙasa, muna biyan haraji, muna jefa ƙuri'a. Shi ne ya riga ni zuwa, kuma a gidansa na zauna har na tsaya da ƙafata. Ni tun da na fara zaɓe jam'iyyar Dimokurat nake bi, shi kuwa a zaɓen 2024 ya koma Rifablikan. Daga nan duk haɗuwar da muka yi sai ta ƙare a kan kuɗi da makaman da Amurka ta ba Yukiren. Shi yana cewa harajinsa ake kwasa ana zubawa a yaƙin da babu ranar ƙarewarsa, alhali kuɗin haya da na asibiti sun hana mutane barci. Ni kuma ina cewa Rasha ce ta mamaye ƙasar mutane, kuma wanda ya ƙi taimakon wanda aka zalunta ya taya azzalumi aiki. Wata huɗu da suka wuce, a gaban matanmu da 'ya'yanmu, raina ya ɓaci na ce masa ya zama ɗan amshin shatan Putin, kuma duk mai zaɓen jam'iyyarsa ko dai jahili ne ko maƙiyin baƙi. Ya dube ni ya ce gwamnatin jam'iyyar da nake karewa ita ce ta aika bama-baman da aka rusa Gaza da su, kuma ranar zaɓe bai ji na ce uffan ba. Ya tashi ya kwashi iyalinsa, tun daga ranar ba mu sake magana ba. Gaskiya maganarsa ta soke ni, domin ni ma ban yarda da wancan taimakon ba. Amma har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya a kan Yukiren. Shin in ba shi haƙuri alhali ban yi ƙarya ba? Kuma ta yaya zan zauna lafiya da mutumin da nake ganin ra'ayinsa yana jawo asarar rayuka?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa.

Ka je ka ba Yaya haƙuri, kuma kada ka tsaya jiran shi ya fara neman ka. Na ji ka ce ba ka yi ƙarya ba, amma ka sake duba abin da ya fita daga bakinka a ranar, domin magana biyu ka yi, ka haɗa su a numfashi ɗaya har ka ɗauka guda ce. Ta farkon ita ce Rasha ta mamaye ƙasar da ba tata ba, kuma ya dace a taimaki wanda aka mamaye. Wannan ra'ayi ne mai hujja, ni ma ina ganin nauyinsa, kuma ba zan ce ka janye shi ba. Ta biyun ita ce yayanka ɗan amshin shata ne, kuma duk wanda ya yi zaɓe irin nasa jahili ne ko maƙiyin baƙi. Wannan kam ba gaskiya ba ce, kuma kai ka fi kowa sani, domin mutumin da ka jefa cikin maƙiya baƙi shi kansa baƙo ya zo ƙasar, kuma shi ya buɗe maka ƙofar gidansa ranar da kai ma ka sauka baƙo. Mutum sama da miliyan 77 ne suka zaɓi Donald Trump a 2024, kimanin miliyan 75 suka zaɓi Kamala Harris. Babu yadda za a yi tari ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya zama duk jahilai ne ko miyagu, ɗayan kuma duk masu hankali da tausayi.

Abin da nake so ka zauna ka yi tunani a kansa kafin ka je shi ne yadda aka yi wannan ra'ayi ya zama na jam'iyyarka, wancan kuma ya zama na tasa, domin ba haka aka faro ba. A zaɓen 2012 ɗan takarar Rifablikan, Mitt Romney, shi ne ya ce Rasha ce babbar abokiyar hamayyar Amurka a siyasar duniya, Barack Obama kuma ya yi masa ba'a a muhawara cewa tunaninsa na zamanin yaƙin cacar baka ne. Da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014, gwamnatin Obama ta ba Yukiren horo da kayan aikin da ba na kisa ba, amma ta ƙi ba ta makamai, 'yan Rifablikan irin su Sanata John McCain ne suka yi ta matsa lamba a bayar. Gwamnatin Trump ce a Disambar 2017 ta amince a sayar wa Yukiren makaman Javelin masu fasa tankokin yaƙi. Ka ga ke nan, da wani ɗan jam'iyyarka da wani ɗan jam'iyyarsa sun zauna a 2014 sun yi irin gardamarku, da kowannensu ya riƙe maganar da yau ɗayan yake riƙe da ita. Abin ya fara juyawa ne a 2019, lokacin da Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar neman tsige Trump bisa zargin ya riƙe taimakon soji na kusan dala miliyan 400 don ya matsa wa Yukiren ta binciki Joe Biden, Majalisar Dattawa kuma ta wanke shi a Fabrairun 2020. Daga nan sunan Yukiren ya shiga rigimar cikin gida, ya zama tambarin da ake gane ɓangaren mutum da shi.

Ko bayan mamayar 24 ga Fabrairun 2022, da farko kan jam'iyyun a haɗe yake. A watan Mayun shekarar Majalisar Wakilai ta amince da dala biliyan 40 da ƙuri'a 368, masu ƙi 57 ne kawai. Zuwa Afrilun 2024, da aka kawo kimanin dala biliyan 61, masu ƙi sun kai 112, dukansu 'yan Rifablikan. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta cibiyar bincike ta Pew ta nuna irin wannan sauyin a tsakanin talakawa: 'yan Rifablikan masu cewa taimakon ya yi yawa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba a Maris ɗin 2022, amma kafin shekara biyu ta cika sun kusa rabi. Wasunsu tsawon yaƙin ne da tsadar rayuwa suka sauya musu tunani, kuma wannan dalili ne na gaske. Amma da yawa sun sauya ne domin shugabannin da suke saurare sun sauya.

Wannan hali ba na jam'iyya ɗaya ba ne, kuma a nan nake so ka yi wa kanka adalci. A 2013, da Obama ya nemi kai hari Siriya saboda amfani da makamai masu guba, wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta jaridar Washington Post da gidan talabijin na ABC ta samu kashi 22 cikin 100 na 'yan Rifablikan suna goyon baya. A 2017, da Trump ya kai hari kan dalili iri ɗaya, goyon bayansu ya kai kashi 86. Kada ka yi saurin cewa ga shaidarka ta fito, domin naku ɓangaren ma yana da tasa. Mutanen da suka cika tituna suna zanga-zangar ƙin yaƙi a zamanin George Bush, mafi yawansu sun koma gida da Obama ya hau mulki, alhali a Disambar 2009 ya ƙara sojoji 30,000 a Afganistan, ya kuma yawaita hare-haren jirage marasa matuƙi fiye da wanda ya gada. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Geoffrey Cohen, ya gwada wannan a 2003: ya ba mutane bayanin wani tsarin tallafa wa marasa galihu, wasu ya nuna musu mai yalwa, wasu mai tsauri, ya kuma gaya musu jam'iyyar da ke goyon bayansa. Sai suka bi sunan jam'iyya suka bar abin da tsarin ya ƙunsa. Abin da ya fi ba ni tsoro a binciken shi ne, da aka tambaye su, sun musanta cewa jam'iyya ta yi tasiri a kansu, amma sun yarda cewa za ta yi tasiri a kan abokan hamayyarsu. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Kai ka hango na Yaya sarai, shi ma ya hango naka, kuma dukanku abin da kuka hango gaskiya ne.

To, a kan ainihin maganar kuɗin, akwai inda Yaya ya yi kuskure a lissafi, akwai kuma inda tambayarsa ta cancanci amsa fiye da wadda ka ba shi. Daga 2022 zuwa Afrilun 2024 majalisa ta zartar da dokoki biyar da jimillarsu ta kai kimanin dala biliyan 175 saboda yaƙin Yukiren. Kuɗi ne mai yawa, amma gwamnatin tarayya tana kashe sama da dala tiriliyan 6 a kowace shekara, kuma ba jakunkunan kuɗi aka ɗora a jirgi aka kai wa shugaban Yukiren Zelensky ba. Wani kaso tallafi ne ga kasafin gwamnatin Yukiren da agajin jinƙai, wani kaso na sojojin Amurka ne da ke Turai, kaso mai tsoka kuma makamai ne da aka ɗebo daga rumbun sojan Amurka, sannan aka biya masana'antun cikin gida su ƙera wasu a madadinsu, kamar masana'antar da ke haɗa Javelin a Troy ta jihar Alabama da wadda ke ƙera harsasan igwa a Scranton ta jihar Pennsylvania. Haka kuma taimakon ƙasashen waje da aka saba lissafawa bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na kasafin kuɗin ƙasar ba, amma duk lokacin da aka tambayi jama'a, matsakaicin hasashensu yakan kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka ko da an tsayar da taimakon gaba ɗaya, kuɗin hayar Yaya ba zai sauko ba, domin ƙarancin gidaje da kuɗin ruwa ne ke ɗaga shi.

Sai dai kada ka ɗauki wannan bayani ka yi sanda da shi, domin ragowar maganarsa tana nan daram. Gwamnatin da bashinta ya haura dala tiriliyan 35 a 2024, duk sabon kuɗin da ta fitar rance ne da 'ya'yanku za su biya. Kuma cewa kuɗin yana komawa masana'antun makamai na cikin gida, wadda masu goyon baya ke kawowa a matsayin hujja, ita ce ainihin abin da Shugaba Eisenhower, janar ɗin soja kuma ɗan Rifablikan, ya yi gargaɗi a kansa a jawabinsa na bankwana a Janairun 1961, wato haɗin bakin soja da masu ƙera makamai wanda zai iya sa yaƙi ya zama abin cin riba. Yaya kuma ya ga abin da ya faru a Afganistan da idonsa: an kashe kimanin dala biliyan 83 wajen gina sojoji da 'yan sandan ƙasar, a Agustan 2021 suka rushe cikin 'yan makonni, kayan yaƙi na wajen dala biliyan 7 suka faɗa hannun Taliban. Kafin nan, makaman Stinger masu kakkaɓo jiragen sama da aka ba mujahidan Afganistan a shekarun 1980 sai da hukumar leƙen asirin Amurka ta koma tana bin su da kuɗi tana saye don kada su faɗa wani hannun. Ko a kan Yukiren ɗin, babban mai binciken ma'aikatar tsaro ya fitar da rahoto a Janairun 2024 cewa makamai na sama da dala biliyan 1 ba a bi diddiginsu yadda doka ta tanada ba. Rahoton bai ce an sace su ba, amma ya isa ya sa mai biyan haraji ya yi tambaya. Mutumin da ya ce, mene ne burin wannan yaƙi, yaushe za a ce an cim ma shi, wa ke lissafin abin da aka bayar, bai zama yaron Putin ba saboda ya tambaya. Irin tambayoyin ne da da an nace a kansu tun farkon yaƙin Iraƙi da na Afganistan, da an tsira da rayuka masu yawa.

Kai ma kana da hujjojin da ba ka buƙatar zagi don ka tsayar da su. A yarjejeniyar Budapest ta 1994 Yukiren ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, Amurka da Birtaniya da Rasha kuma suka yi alkawarin mutunta iyakokinta. Idan aka bar ta haka nan, kowace ƙasa za ta koyi cewa wanda ya ajiye makaminsa bisa alkawari ya cuci kansa. Maƙwabtan Rasha, waɗanda suka fi kowa saninta, ba su ɗauki abin da wasa ba: Finland ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2023, Sweden ta biyo baya a 2024, ƙananan ƙasashe irin su Estoniya kuma suka bayar da abin da, in aka auna da ƙarfin arzikinsu, ya fi na Amurka. Sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. Kuma gardamar kanta tsohuwa ce a ƙasar da kuke zaune: a 1941, lokacin da Shugaba Roosevelt ya nemi dokar ba Birtaniya aron makamai don ta tsaya wa Hitler, an samu ƙungiya mai ƙarfi da ke cewa a fara da Amurka tukuna, kuma a cikinta akwai mutanen kirki da ke tsoron a sake jefa 'ya'yansu cikin yaƙin Turai. Tarihi ya ba masu taimakon gaskiya a wancan karo, ya kuma ba masu taka-tsantsan gaskiya a Biyetnam da Iraƙi. Ni a nawa ganin lamarin Yukiren ya fi kama da na farkon, amma wanda ya ga ya fi kama da na biyun bai fita daga sahun masu hankali ba.

Maganar Gaza ita ce ta fi muhimmanci a wasiƙarka, kuma na yaba da ka amsa cewa ta soke ka. Ta soke ka ne domin gaskiya ce. Gwamnatin Obama ce a 2016 ta sa hannu kan yarjejeniyar ba Isra'ila taimakon soji na dala biliyan 38 a cikin shekara 10, kuma dokar Afrilun 2024 da ta ba Yukiren kuɗin da kake karewa, a cikinta ne aka ware kimanin dala biliyan 26 na ɓangaren Isra'ila, wanda wani yanki nasa agajin jinƙai ne, Biden kuma ya sa wa duka hannu a rana ɗaya. Kai ne ka gaya wa Yaya cewa wanda ya ƙi taimakon wanda aka zalunta ya taya azzalumi aiki, shi kuma ya ɗauki ma'auninka ya auna ka da shi. Akwai mutane da yawa da wannan ya raba su da jam'iyyarka: a zaɓen fid da gwani na Dimokurat a jihar Michigan a Fabrairun 2024 sama da mutum 100,000 ne suka ƙi zaɓen Biden suka jefa ƙuri'ar rashin goyon bayan kowa, kuma a babban zaɓe Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn, wani birni na jihar da Larabawa suka fi yawa a cikinsa. Waɗannan ba za a kira su maƙiya baƙi ba. Gaskiya ne shi ma Yaya ma'auninsa yana iya kama shi, domin ranar da aka kaɗa ƙuri'a kan ɓangaren Isra'ila 'yan Rifablikan 21 ne kacal suka ƙi, tare da 'yan Dimokurat 37, kuma manyan bama-baman da Biden ya dakatar da aikawa a Mayun 2024 Trump ne ya sake su a Janairun 2025. Wanda ya ce kuɗin haraji ya zauna a gida, ya kamata ya faɗi haka a nan ma. Na kawo wannan ne don ka ga cewa kowannenku yana da abin da ya haɗiye saboda jam'iyya, ba don ka riƙe shi a baki ka tafi da shi gidansa ba.

Ka lura kuma cewa a ranar ba da Yaya kake magana ba, da wani hoto kake magana wanda ka daɗe kana gani a talabijin da wayarka. Abin da kowane ɓangare ke nuna wa mutanensa game da ɗayan shi ne mafi tsaurin kai da mafi ƙazantar baki a cikinsu, har mutum ya ɗauka duk haka suke. Wani bincike da Douglas Ahler da Gaurav Sood suka wallafa a 2018 ya samu cewa jama'a na hasashen kusan kashi 38 cikin 100 na 'yan Rifablikan suna samun sama da dala 250,000 a shekara, alhali ainihin adadin bai wuce wajen kashi 2 ba, kuma an samu irin wannan kuskure game da su wane ne 'yan Dimokurat. A 1960 Amurkawan da suka ce ransu zai ɓaci idan ɗansu ya auri 'yar ɗaya jam'iyyar wajen kashi 5 ne. Zuwa 2010 sun kai kusan rabin 'yan Rifablikan da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Dimokurat. Wannan cuta kuka tarar a ƙasar, kuma ta shiga gidanku ba ku sani ba. Hoton ma ba daidai yake ba, domin a ƙuri'ar Afrilun 2024 ɗin nan 'yan Rifablikan 101 ne suka goyi bayan taimakon Yukiren, kuma kakakin majalisa Mike Johnson, ɗan Rifablikan, shi ne ya kawo ƙudurin gaban majalisa alhali ya san wasu 'yan jam'iyyarsa za su nemi sauke shi, suka kuwa nema.

Ka tambaya ta yaya za ka zauna da mutumin da kake ganin ra'ayinsa yana jawo asarar rayuka. Ka sani shi ma haka yake ganin naka. Shi yana lissafin samarin da ke mutuwa a ramukan fagen daga a kowane watan da yaƙin ya ƙara, yana ganin makamai suna tsawaita shi. Kai kana lissafin mutanen garuruwan da za su faɗa hannun mamaya idan makaman suka yanke, da yaƙin da zai biyo baya idan mamaya ta yi riba. Dukanku rayuka kuke ƙirgawa, a kan abin da zai faru gobe kuka saɓa, kuma gobe babu wanda ya gan ta a cikinku. Ana iya zama da mutum a kan irin wannan saɓani shekara da shekaru. Abin da ba a iya zama da shi shi ne a ce ɗaya ya yanke hukunci cewa ɗayan ba shi da tausayi.

Don haka ka je da ƙafarka, kai kaɗai, kada ka aika saƙon waya kuma kada ka tura matarka ta gyara maka hanya. Wata huɗu ya yi yawa ga mutanen da addininsu ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, kuma kai ne ƙarami, kai ne kuma ka fara jifa. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: "Yaya, na yi maka rashin kunya a gaban iyali, na faɗi abin da ba haka kake ba, ka yafe mini." Ka tsaya nan, kada ka ƙara "amma", domin duk abin da ya biyo bayanta zai share abin da ya gabace ta. Ka gaya masa kai tsaye cewa maganarsa ta Gaza gaskiya ce kuma ta hana ka sukuni; wannan zai yi masa daɗi fiye da ban haƙurin kansa, domin zai san an ji shi. Idan ya yi faɗa, ka saurara har ya gama. Tunda kuma a gaban yara ka ci masa fuska, sai ka nemi ranar da iyalan biyu za su haɗu ka maimaita a gabansu cewa abin da ka ce wa babansu kuskure ne, domin 'ya'yanka sun ji yadda ka siffanta rabin mutanen da za su yi makaranta da aiki da su, kuma za su ɗauka haka ake yi.

Ranar ban haƙurin kada ku taɓa maganar Yukiren. Idan zama ya daidaita, wata rana ka tambaye shi abin da ya sa ya sauya jam'iyya, ka kuma saurari amsar ba tare da kana haɗa martani a zuci ba. Mai yiwuwa ka tarar dalilinsa tsadar kaya ce ko makarantar yara ko Gaza, makaman kuwa daga baya suka shigo. Kafin nan ka yi wa kanka wata tambaya a ɓoye: da shugaban da ba ka so ne ya aika waɗannan makamai, da hujja iri ɗaya, da ka goyi baya? Idan amsar eh ce, ra'ayin naka ne, ka riƙe shi. Idan ka ji zuciyarka ta yi jinkiri, to ka san yadda Yaya ya tsinci kansa inda yake.

Akwai ma abin da za ku iya yi tare, tunda dukanku masu ƙuri'a ne kuma majalisa ce ke riƙe da jakar kuɗi, 'yan Majalisar Wakilai kuma duk shekara biyu suke dawowa neman ƙuri'arku. Tun 1997 akwai dokar da ake kira da sunan Sanata Patrick Leahy, wadda ta haramta ba da taimako ga duk wata rundunar ƙasar waje da aka samu sahihin bayani cewa ta aikata mummunan take haƙƙin ɗan Adam, kuma shi Leahy da kansa ya yi kukan cewa ba a aiwatar da ita kan kowa daidai. Shi Yaya yana son a yi lissafin inda harajinsa ke zuwa, kai kuma kana son kada a kashe farar hula da makamin da ka biya kuɗinsa. Ku rubuta wa wakilanku takarda guda, ku nemi a aiwatar da dokar kan duk ƙasar da ke karɓar makaman Amurka, Yukiren ce ko Isra'ila ko Masar, a kuma riƙa bayyana rahoton bin diddigin makaman ga jama'a, ku sa hannu ku biyu, sunansa a sama, naka a ƙasa.